Mai Sayarwa Ya Sami Marubuci, Mashayi Bai Samu Ba

Wannan lacca ce da aka karanta a gaban wani taro na malaman makaranta da iyayen yara a garin Keffi, Jihar Nasarawa. An kawo ta a wannan shafi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, da Badun, da Anacha, da Fatakwal, da sauran biranen Kudu, waɗanda maganar ta fi shafa.



Akwai wani dattijo a nan garin Keffi, malamin makaranta ne wanda ya yi ritaya, kuma tun yana yaro karatu ya zame masa jiki, har abokansa kan ce ko takardar ƙunshin ƙosai ya tsinta sai ya duba abin da ke rubuce a jikinta. Laccar yau a kan abin da wannan dattijo ya karanta ne cikin shekara biyu, da kuma abin da ya tsinta a cikin karatun. Ba za a ambaci sunansa ba, domin maganar ta taɓa gidansa, kuma kamar yadda za a ji a gaba, wannan ɓoye suna shi ne rabin matsalar da ake magana a kanta.

Abu biyu ne suka tayar da shi. Na farko, ɗan ƙaninsa, wanda ya tafi Ikko neman kuɗi, yana kwana a Agege yana acaɓa a Ikeja, ya komo gida a 2022 bayan da Gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida. Ya komo ba babur, ba kuɗi, ga rama, ga rawar hannu, ba ya barci da dare, kuma in ya yini biyu bai haɗiyi ƙwayar nan da ake kira tramol ba, sai gumi ya karyo masa, gaɓoɓinsa su yi ta ciwo kamar mai zazzaɓi. Na biyu kuwa jikansa ne, ɗan makarantar sakandare, wanda kullum kansa yana sunkuye a kan wayar hannu yana karatun littattafan zane na mutanen Japan, waɗanda ake kira manga. Da dattijon ya leƙa wayar sai ya ga bindigogi, da jini, da 'yan daba sanye da kwat. Ransa ya ɓaci, ya yi niyyar ƙwace wayar, don a ganinsa hanyar da ta kai wancan ga ƙwaya ita ce wannan ya kama.

Abin da ya hana shi shi ne wasan jika da kaka. Yaron ya ce masa, "Malam, kai da kake kamar ni, me kake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur?" Dattijon ya yi shiru, domin ya san amsar. A zamanin ƙuruciyarsa akwai wata mujallar hotuna mai suna African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa daga 1968 zuwa 1972, kuma jaruminta wani ɗan sandan ciki ne mai zaman kansa da ake kira Lance Spearman, mai hular malfa, da sigari a baki, da kofin wuski a hannu, kullum yana fafatawa da wani mugu mai suna Rabon Zollo. Yara kan haɗa kwabbai su sayi kwafi guda, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har sai ya yage. Bayan wannan kuma sai littattafan James Hadley Chase, Baturen Ingila da ya cika kasuwannin ƙasar nan da labaran 'yan fashin Amurka. Malamin ya karanta su duka, kuma bai zama ɗan fashi ba. Saboda haka sai ya ce wa jikan ya nuna masa yadda ake buɗe abin, shi ma zai gani da idonsa.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne, daga dama ake fara karanta su, kamar littafin ajami. Sa'an nan ya tarar cewa ba duka ne na yara ba. Akwai Golgo 13, labarin wani makashi da ake biya ya yi kisa, wanda Takao Saito ya fara zanawa a 1968, ya ci gaba har ya rasu a 2021, a lokacin an haura littafi 200. Wannan bai tsaya a kansa ba, don ƙanin Spearman ne kawai aka sauya masa riga. Akwai kuma Banana Fish, wanda wata mace mai suna Akimi Yoshida ta zana daga 1985 zuwa 1994 a cikin mujallar 'yan mata. Labarin wata ƙwaya ce mai juya hankali, wadda aka fara ganin aikinta a jikin wani sojan Amurka a yaƙin Biyetnam, sa'an nan ta ɓulla a titunan New York, inda manyan 'yan fasa-ƙwauri da 'yan siyasa suke kokawa a kanta, yaran titi kuwa su ne itacen wutar. Ba banza ba ne mutanen Japan suke da irin wannan labari. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa ba sojojinsu da ma'aikatan masana'antu wata ƙwaya mai hana barci da ake kira hiropon. Da yaƙi ya ƙare sai ragowar ta malalo kasuwa, leburori da ɗalibai suka rungume ta, har gwamnati ta kafa dokar hana ta a 1951, kuma a 1954 kaɗai aka kama mutum fiye da 55,000. Daga nan cinikin ya koma hannun ƙungiyoyin 'yan daba da ake kira yakuza. Irin wannan ƙwaya ce aka gano masana'antar dafa ta karo na farko a Nijeriya, a Ikko, cikin 2011.

Daga nan malamin ya koma kan akwatinsa na littattafan Hausa, domin Bahaushe ma ba a bar shi a baya ba wajen labarin masu laifi. Ya sake karanta Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni, birni ya cinye shi. Ya sake karanta Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan attajirin da ya yi arziki da fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda Mailoma ya tara 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa, wiwi kuma yana cikin hajarsa. Waɗannan biyu na ƙarshe sun fito ne a 1982, daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Ya lura cewa marubutan Hausa tun daga bangon littafi suke yanke hukunci, don kowane ɗaya daga sunayen nan uku karin magana ne ko habaici. Amma ya lura da wani abu kuma wanda bai gani ba yana saurayi: azabar da mugu yake sha takan zo ne a shafuka biyu ko uku na ƙarshe, alhali daular da ya ci ta cinye sauran littafin. Yaro mai wayo ya san lissafi.

To, amma ba wannan ne babban abin da ya dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne, duk littattafan nan, na Hausa da na Turanci da na Japan, a bayan mai bindiga suke tsaye, ko a bayan mai sayarwa, ko ɗan sandan da ke bin sawunsu. Mai sha kuwa ba ya da suna. Ana wuce shi a lungu yana kwance, ko a nuno shi sau ɗaya yana roƙo, shi ke nan an gama da shi. Littafi guda ne ya ɗan bambanta, watau Ushijima na Shohei Manabe, wanda aka buga daga 2004 zuwa 2019. Shi Ushijima mai ba da bashi da ruwa ne, kashi 50 cikin ɗari duk kwana goma, kuma mai zanen ya fi ɓata lokacinsa a kan waɗanda suka ci bashin: ɗan caca, da mai ƙaryar arziki, da yarinyar da ta shiga hannun banza. Duk wanda ya taɓa karɓar babur a kan sharaɗin biyan balas kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, zai gane fuskokin nan. Amma ko a nan ma wani ne yake ba da labarinsu, ba su da bakinsu ba. Shi kuwa malamin ɗansa yana kwance a ɗakin zaure yana juyi, kuma abin da yake so ya sani shi ne me ke faruwa a cikin kan yaron.

Sai ya shiga neman littattafan da mashaya suka rubuta da hannunsu. Mafi tsufa da ya samu shi ne na Thomas De Quincey, wani Baturen Ingila, wanda aka fara bugawa a wata mujallar London a 1821, kuma ba a sa sunan marubucin ba. Ofiyom ne abin shansa, watau ƙaron wata fulawa wanda daga gare shi ake fitar da kodin. Abin da ya tsaya wa malamin a rai shi ne yadda mutumin ya fara. A 1804, yana ɗalibi, ciwon haƙori da na fuska ya matsa masa, wani ya ba shi shawara, ya shiga kantin magani ya saya da kuɗinsa, ba ɓoyo ba tsoro. Daga magani sai abin ya zama na nishaɗi lokaci lokaci, daga nan ya zama na kullum, har ya kai yana shan ɗigo 8,000 a rana. Da malamin ya zo nan sai ya ajiye littafin. Shekara ɗari biyu da teku suna tsakanin mutumin nan da ɗan acaɓar Ikeja, amma ƙofar da suka shiga ɗaya ce: ciwo, da shawarar aboki, da mai kantin magani. Ɗan dako a Mile 12, da ɗan ga-ruwa, da mai gadin da zai kwana a tsaye, yawancinsu ba neman maye ne ya fara kai su ba, neman ƙarfin aiki ne. Likita kan rubuta tramol mai awo 50 ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Afirka ta Yamma akan same shi mai awo 200, da 225, har 250, kuma yawansa kan jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Duk da haka malamin bai yarda da De Quincey gaba ɗaya ba, kuma yana da gaskiya. Mutumin ya raba littafinsa da babin daɗin ofiyom da babin azabarsa, kuma tun a zamaninsa aka zarge shi da cewa ya zuba wa babin daɗin zuma fiye da kima, har wasu suka gwada saboda shi. Ya rayu har 1859 bai rabu da abin ba. Wannan ita ce illa ta farko ta irin waɗannan littattafai: mai iya magana yakan ƙawata har raminsa. Illa ta biyu ƙarya ce. A 2003 wani Ba'amurke mai suna James Frey ya fitar da labarin shaye-shayensa, aka sayi miliyoyin kwafi bayan da shahararriyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey ta yabe shi, sai a 2006 'yan jarida suka tono cewa zaman kurkukun kusan wata uku da ya ce ya yi, 'yan sa'o'i ne kawai a ofishin 'yan sanda. Watau tubabbe ma yana da nasa alfaharin, yakan so a ce raminsa ya fi na kowa zurfi.

Wanda ya fi kwanta masa shi ne tarihin Malcolm X, wanda ya fito a 1965, shekarar da aka kashe shi. Mutumin nan ya sayar da wiwi a Harlem, ya shaƙi hodar iblis a Boston, ya shiga fasa gidaje, aka ɗaure shi a 1946, ya fito a 1952 bayan ya koya wa kansa karatu mai zurfi ta hanyar kwafe ƙamus da hannu. A 1964 ya yi aikin hajji, kuma a shekarar ya ziyarci Ikko da Badun. Abin lura a nan shi ne, babba ne a idon jama'arsa lokacin da ya faɗi waɗannan abubuwa, kuma faɗar ba ta rage masa daraja ba.

Na ƙarshe jikan ne ya nemo masa, kuma shi ne ya haɗa kogunan biyu. Hideo Azuma sanannen mai zanen manga ne a Japan. A 1989 ya fita daga gidansa ya ɓace, ya koma kwana a jeji a gefen gari, yana tsintar abinci a shara da guntayen taba a titi. Aka komo da shi, a 1992 ya sake ɓacewa, ya zama leburan shimfiɗa bututun gas. A 1998 giya ta ci ƙarfinsa, iyalinsa suka kai shi asibiti. A 2005 ya zana dukan wannan a littafi guda, wanda sunansa yake nufin kundin ɓacewa, kuma ya zana kansa ɗan gajeren mutum mai ban dariya, bai nemi tausayi ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Abin da yake nunawa ƙananan abubuwa ne: yadda hannu yake rawa da safe, yadda mashayi yake amai ya sake sha don aman ya tsaya, da yadda zaman ɗakin jinya yake. Littafin ya ci manyan lambobin yabo a ƙasarsu. Malamin ya ce a nan ne ya fara gane cewa ƙaryar da yaronsa yake yi masa kullum, da 'yan sace-sacen da suka ishi gidan, suna cikin alamomin cutar, kamar yadda tari yake alamar ciwon ƙirji.

Da ya juyo ga Hausa sai ya tarar da akwati wayam. Ya tambaya a wurin masu sayar da littattafai, bai sami ko ɗaya ba wanda mashayi ya ce ga yadda ya fara, ga yadda ya ƙare. Gargaɗi kam akwai shi tuli, tun daga waƙar Mu'azu Haɗeja a kan giya har zuwa wasannin kwaikwayo na rediyo, amma duka daga bakin mai lafiya suke fitowa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ɗauki kunya da rufin asiri da girma, kuma abin kirki ne a wurinsu. Wanda ya fito ya ce ya sha benelin ko roci ko sholisho, ba kansa kaɗai ya tona ba, ya taɓa auren ƙannensa mata da mutuncin mahaifinsa a masallaci.

Sai dai yawan abin ya wuce a rufe shi da tabarma. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Gwamnatin Tarayya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekarar da aka auna. Miliyan 10.6 wiwi ne, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari, sa'an nan ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Hukuma kuwa ta daɗe tana gwada bulala. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi. Doka ta 20 ta 1984 ta kai ga harbe mutum uku a Ikko cikin Afrilu 1985. An kafa hukumar NDLEA a 1989. A watan Mayu 2018 aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna wani fim a kan yadda yake cin matasa a Kano da wasu garuruwa. Duk wannan ƙoƙari, kamar littattafan 'yan fashi, idonsa yana kan mai sayarwa. Keffi kanta, wadda Abdu Zanga ya kafa wajen 1800, daga kafi ta samo sunanta, watau shingen da ke tare mahara. Yau kuwa babbar hanyar Abuja ce ta ratsa ta, ga jami'a, ga tashoshin mota, kuma abin da ke cikin aljihun fasinja ba kafin da ke tare shi.

Inda rashin sani ya fi ciwo shi ne wajen magani. Iyayen da ba su san me ke cikin kan ɗansu ba, kuma suna jin kunyar a gan su a ƙofar asibitin masu taɓin hankali, su ne suke kai shi inda za a sa masa mari a ɓoye. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyayensu ne suka kai akasarinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi. Alhali akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, kuma mazauna Kudu suna da su kusa: Yaba a Ikko, da Aro a Abekuta, da Uselu a Binin, da Inugu, da Kalaba. A Aro ɗin nan ne ma tun 1954 likita Adeoye Lambo ya fara tsarin saukar da majinyaci a ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansa, don ya gane cewa ɗan Afirka ya fi warkewa a cikin danginsa. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, waɗanda su ake fara kai wa ƙara in yaro ya lalace a baƙon wuri, ya kamata a ce sun san hanyar waɗannan asibitoci kamar yadda suka san hanyar ofishin 'yan sanda.

Malamin dai ya kai ɗan ƙaninsa asibiti. An yi wata biyu, ya dawo, ya koma ruwa sau ɗaya, aka sake komawa. Bayan ya ɗan murmure sai dattijon ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ce masa, "Ɗana, kai za ka faɗa, ni zan rubuta, kuma ba zan gyara maka magana ba." Uwar yaron ta ƙi, ta ce tana da 'yan mata biyu a gida ba a aurar ba, kuma ba wanda ya ga laifinta. Aka yi kwanaki ana jayayya, har malamin ya kawo hujjar cewa Baturen nan ma ba da sunansa ya fara bugawa ba. Aka daidaita a kan za a cire sunan mutum, da na unguwa, da na tasha.

Ran da suka fara zama, dattijon ya zaci yaron zai soma da ranar da aka ƙwace masa babur. Yaron ya ce, "A'a Baba, ba daga nan ba ne." Ya ce a fara da wata asuba a wurin mai shayi, wata na uku da zuwansa Ikko, bayansa yana ciwo har ba ya iya miƙewa, ga balas ɗin jiya bai cika ba, sai wani ɗan garinsu, wanda shi ne ma ya sama masa wurin kwana, ya ɓalle rabin ƙwaya ya jefa masa a kofi, bai karɓi ko kwabo ba. Sun cika littafi biyu da rabi, kuma har yanzu labarin bai iso ranar da aka ƙwace babur ɗin ba.